Daga Fijo Zuwa Marsandi: Tarihin Ƙafar Mota da Hanyoyinmu na Batsari

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, da waɗanda sabis ɗin garinsu sai an hau tudu.

Yau maganar mota za mu yi, amma ta ɓangaren da ba a ɗaukar hoto da shi. Kowa fenti yake kallo, da fitila, da kujerun fata. Mu ƙasa za mu leƙa, wurin da bakanike ke kira ƙafa: sifirin, shokozoba, bushin, boljoyin da sauransu. Abin da ya jawo maganar shi ne, matasa da yawa a cikinmu yanzu tsofaffin motocin alfarma ne a hannunsu. Wani gado ya ci, wani kuwa ya ga Marsandi ko Lexus ta shekara ashirin ta fi ƙaramar Toyota araha, ya ce bari shi ma ya shiga sahun manya. Wata biyu, uku, sai mota ta fara ƙara a gargada, ko a wayi gari a tarar ta durƙusa kamar raƙumi. Daga nan sai tambaya: wace ƙafa zan sa mata?

Ni a ganina ba a amsa wannan tambayar a shagon kayan gyara. Sai an koma tarihi tukuna, domin kowace mota akwai hanyar da aka ƙera ta dominta, kuma mu nan Karare da Ruma da Runka ba mu ne aka tuna ba ranar da ake zana yawancinsu.

Mu fara da aikin ƙafar. Duk wanda ya taɓa hawa amalanken shanu daga gona ya san mota marar ƙafa. Ko wane dutse taya ta taka, sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Turawa ma haka suka sha da kekunan dokinsu, har a 1804 wani maƙeri a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar sifirin na faranta, irin wanda har gobe kuke gani a ƙarƙashin a-kori-kura da manyan motoci. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Amma shi kaɗai, in ya lotsa ya taso, sai ya yi ta lilo. Shi ya sa aka haɗa shi da shokozoba: bututu ne mai mai a ciki, ana tilasta wa man bi ta ƙananan ƙofofi, sai ƙarfin lilon ya koma zafi ya fice. To ku riƙe wannan: sifirin ke riƙe tsawon mota, shokozoba ke danne taya a ƙasa. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ka ga ashe maganar ta wuce jin daɗin zama, ta kai ga rai.

Akwai labarin da ya nuna haka ƙarara. A 1955 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da mota mai suna DS. Ba ta da sifirin na ƙarfe sam. Wasu ƙwallaye ne masu iskar naitirojin da mai, famfo na tura man, mota ta daidaita tsawonta da kanta. Ranar 22 ga Agusta 1962, 'yan ƙungiyar OAS, waɗanda suka fusata da 'yancin da aka ba Aljeriya, suka yi wa shugaban Faransa Charles de Gaulle kwanton ɓauna a Petit-Clamart, kusa da Paris. Suka buɗe wa DS ɗinsa wuta, tayoyi suka fashe. Duk da haka motar ba ta kife ba, direba ya riƙe ta ya fice da shi da matarsa lafiya. Mu mutanen bakin dajin Rugu ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan darajar motar da ba ta tsayawa a inda bai kamata ta tsaya ba.

Daga nan manyan kamfanoni suka shiga tsere. Marsandi ta sa ƙafar iska a 300 SE a 1961, Rolls-Royce ta karɓi lasisin fasahar Citroën ta sa wa Silver Shadow a 1965. Alfarma ta koma ana auna ta da laushi: a ce kana cikin mota kamar kana kan katifa.

Yanzu mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya bi ta Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma bai shigo birnin Katsina ba, balle Batsari ko Safana. Wato tun asali gyaɗarmu da audugarmu da rogonmu a kan taya suke fita. Mu mutanen hanya ne, kuma hanyar ta burji ce da yashi da kwazazzabai. A wannan ƙasar ne Fijo ta yi suna.

Fijo 404 ta fara share fage, sannan 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. Sirrinta a ƙafa yake. Tana da tsawo daga ƙasa, ƙafarta na da doguwar tafiya sama da ƙasa kafin ta ƙure, kuma kamfanin da kansa yake ƙera shokozobarsa don ta dace da sifirinsa. Doguwar, wadda aka yi ta haya da ita tsakanin Katsina da Kano da Kaduna, sifirin nannaɗaɗɗe biyu-biyu gare ta a kowane gefe na baya, saboda kaya. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka da 504, a hanyoyin da suka fi namu muni. A shekarar nan dai aka buɗe masana'antar PAN a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Gowon, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka faɗo aljihun ma'aikata. Malamin makaranta ya fara mafarkin mota.

Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala a Legas cikin baƙar Marsandi, wadda har yanzu tana ajiye a gidan tarihi na Onikan. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar gwamnati tun daga sama har ƙasa. Ku lura da abin da hakan ya haifar. Motar babban sakatare, da ta hakimi, da ta direban tasha, duk ƙafa ɗaya ce. Bakaniken ƙauye ya san ta kamar yunwar cikinsa. In shokozoba ta mutu ranar Alhamis a kasuwar Batsari, kafin la'asar an samo wata an ɗaura. Wannan shi ne abin da muka yi asara, kuma ba ƙarfe ba ne kawai, ilimi ne da ya yaɗu a hannun talakawa.

Marsandin wancan zamani ma ba ta ji kunya ba. Wadda injiniyoyi ke kira W123, ta 1976 zuwa 1985, wato su 200 da 230E na alhazai, sifirin ƙarfe gare ta da shokozoba zalla. Kamfanin har yana da zaɓi na musamman ga ƙasashe masu munanan hanyoyi: sifirin mai tsawo da shokozoba mai ƙarfi. Wanda ya yi odar sabuwa don Afirka, da shirinta take zuwa.

Sai 1986. Babangida ya kawo SAP, aka buɗe kasuwar canji ta SFEM a watan Satumba. Nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja, a gwanjon farko sai da dala ɗaya ta haura naira 4. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Lokacin da aka ƙirƙiri jihar Katsina a 23 ga Satumba 1987, kasuwa ta riga ta fara juyawa zuwa gwanjon Turai: 'yan Beljiyam, 'yan Kwatano, ana sauke su a tashar ruwan Kwatano a biyo da su ta kan iyaka. Masana'antun Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a Kano duk suka yi ta ja da baya. Ita kanta 504 an daina haɗa ta a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000.

To a nan gizo ke saƙar. Motar da aka yi wa oda don Kaduna daban, wadda wani Bajamushe ya hau shekara goma a kan titin da ba rami daban. V-boot, wato W124 da ta fito a ƙarshen 1984, da ta shigo mana gwanjo, da ƙafar Turai ta shigo, kuma ƙafar ta riga ta gaji. Waɗanda suka biyo bayanta sun fi ta laushi, sun kuma fi ta rikici. Lexus LS400 ta 1989 akwai mai ƙafar iska. Range Rover ta koma iska a 1992. Babbar Marsandi ta 1998, W220, ta zo da tsarin Airmatic. Ga yadda yake aiki: jakar roba cike da iska a madadin sifirin, kwampireso na hura ta, na'urori na auna tsawo, kwamfuta na ba da umarni. Yana sabo, babu kamarsa. Amma roba na tsufa, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu. Jaka ta tsage kaɗan, iska na zurarewa, kwampireso ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, mota ta zauna a kan tayoyinta. Daga nan ko tura ta ba a iya yi cikin daɗi.

Yanzu ku ɗora wannan a kan halin da muke ciki. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Duk wanda ya yi wannan zaman ya san me ake nufi da mota ta lalace maka a hanya, ba ka da yadda za ka kira kowa, rana kuma tana faɗuwa. A Abuja lalacewar ƙafa ɓata lokaci ne. A tsakanin Runka da Batsari wani abu ne daban. Ko yau da aka maido da sabis, mai naƙuda da za a kai asibiti Katsina cikin dare ba ta da lokacin jiran kwampireso.

Saboda haka ga yadda nake kallon zaɓin da ke gaban mai tsohuwar motar alfarma, kuma biyar ne.

Na farko, ka mayar mata da irin ƙafarta ta asali, sabuwa. In motarka mai sifirin ƙarfe ce, kamar 230E ko V-boot ko 190, wannan shi ne mafi hankali. Kamfanonin da suka yi wa Marsandi kaya tun farko, su Sachs da Bilstein, har yanzu suna yi, ga KYB na Japan da Monroe na Amurka. Matsalar kuɗi ce, tunda a 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma komai da dala ake shigo da shi. Sannan ga jabu. Kwali mai kyau ba shaida ba ne.

Na biyu, ka ƙara mata ƙarfi. A nan sai ka san shokozoba iri biyu ce. Akwai mai bututu biyu, wadda ta fi yawa kuma ta fi laushi, amma in ta daɗe tana dukan gargada man cikinta na yin zafi ya yi kumfa, sai ta saki. Akwai mai bututu ɗaya, wadda Bafaranshe Christian Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1950, Bilstein ta fara sa wa Marsandi a 1957. Ita iskar gas mai matsi ke danne man ta bayan wani fistin, ba ya kumfa, kuma tana saurin huce zafi. Ta fi dacewa da doguwar hanyar burji, sai dai ta fi tauri kaɗan, kuma in dutse ya lotsa bututun, ta gama aiki. A wurin Bilstein, B4 ita ce madadin ta asali, B6 mai ƙarfi ce a tsawon asali, B8 kuwa don motar da aka rage wa tsawo aka yi ta. A wurin KYB, Excel-G mai bututu biyu ce, Gas-a-Just mai ɗaya. Mutumin Safana B6 ce tasa in aljihu ya yarda. B8 ba ta da abin yi a nan.

Na uku, kayan Beljiyam, wato tsofaffin da aka ciro daga wata mota, irin na Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Ba na kushe su gaba ɗaya. Hannun ƙafa na ƙarfe ko sifirin da bai yi tsatsa ba, na asali tsoho ya kan fi sabon jabu. Amma shokozoba da jakar iska da bushin kaya ne masu ƙarewa, kamar takalmi. Wani kawuna ya taɓa sayo shokozoba huɗu a wata kasuwa, baƙaƙe wul suna ƙyalli, aka rantse masa ba su daɗe da sauka daga jirgi ba. Kafin damina ta fita biyu sun zubar da mai. Da bakanike ya kankare, ashe fenti ne aka fesa a kan tsatsa. Araha ba ta ado. In dole sai Beljiyam, duba sandar: kada ka ga zane ko danshin mai, ka danna ta ka ji tana turjewa daidai daga farko har ƙarshe, in mai gas ce kuma ta dawo da kanta.

Na huɗu, ga masu ƙafar iska: a cire iskar a sa sifirin ƙarfe. Akwai kamfanoni irin su Arnott da Strutmasters a Amurka da ke yin kayan wannan juyi musamman don wasu motocin. Me za ka samu? Motar da ba za ta durƙusa maka a daji ba, wadda bakaniken Dutsin-Ma zai iya taɓawa. Me za ka rasa? Wani kaso na laushin, da damar ɗaga mota da maɓalli, kuma in ba a sa ƙaramar na'urar da ke kwantar wa kwamfuta hankali ba, fitilar gargaɗi za ta yi ta ci a gabanka. Masu son mota a Turai suna ganin wannan juyi kamar ɓata gado ne. Ni kuwa na ce, wanda motarsa ba ta wuce kwaltar GRA, kuma yana da kuɗin canza jakunkuna da kwampireso a kan kari, ya riƙe iskarsa. Wanda ke zuwa gida ƙauye duk Juma'a, ya juya. Sharaɗi ɗaya: a sa kayan da aka auna don nauyin wannan motar. Sifirin wata mota da aka yanke aka cusa, ba gyara ba ne, ajali ne ake ɗaurawa.

Na biyar, wanda na fi ganin 'yan uwana matasa na sha'awa: a kwantar da mota ƙasa, a sa manyan rim da siririyar taya, kamar yadda ake gani a Instagram. Abokina, titin da ka gani a hoton nan ba shi ne zai kai ka Zakka ba. Ramin farko zai lanƙwasa rim, tudun rage gudu na biyu zai fasa kaskon man inji. Kaurin taya shi ma ƙafa ne, shi ke fara shan duka kafin sifirin. V-boot da rim 15 ta zo, ka bar ta a haka.

Akasin wannan shi ne ɗaga mota, kuma shi ma da iyaka. Tsofaffin Marsandi suna da robar da ke zama a kan sifirin, kauri daban-daban, daga milimita 8 zuwa 13, 18, har 23 a gaba. Bakaniken da ya san aikinsa zai ƙara maka tsawo kaɗan da ita ba tare da ya ɓata komai ba. Amma in aka cusa katako ko guntun taya aka ɗaga ta fiye da kima, boljoyin zai yi ta mutuwa, taya ta cinye gefe ɗaya, mota ta riƙa tangaɗi a kwana.

Kafin ka kashe ko sisi, a ɗaga motar a duba. Sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa shokozoba ta bushin ce ko boljoyin, masu sauƙin kuɗi. A duba tsatsa, domin Turawa gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma Marsandin 1995 mai zagayayyun fitilu huɗu an san ta da ruɓewar mazaunin sifirin na gaba. Sabuwar shokozoba a jikin ruɓaɓɓen ƙarfe aikin banza ne. Ana canzawa biyu-biyu, dama da hagu tare. A ƙarasa ɗaure kusoshin bushin bayan mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. A yi alaimen bayan an gama. Kuma kada ka tsaya kusa in ka ga ana cire sifirin gaban Marsandi da igiya da ƙarfen taya. Yana da abin matse shi na musamman, in ya kuɓuce kuwa yana iya kashe mutum.

Darasin da na ɗauka daga 504 shi ne, ba ta yi sarauta a ƙasar nan don ta fi kowace mota kyau ba. Ta yi ne don abu huɗu sun haɗu: ta dace da hanya, ta dace da kaya, akwai mai gyara, akwai kayan gyara. Da waɗannan huɗun za ka auna duk ƙafar da aka tallata maka. Wace hanya nake bi? Mutum nawa da buhu nawa nake ɗauka? Wa zai gyara in ta lalace? A ina zan samu wata, kuma cikin kwana nawa? In amsar ta ƙarshe ita ce sai an yi oda daga Dubai, to ka sake tunani.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kuɗin da muke zubawa a shokozoba duk shekara haraji ne na biyu da muke biya saboda hanyar da ba a gyara ba. Mai Marsandi yana biya, mai Golf na haya yana biya, ɗan acaɓa yana biya, a ƙarshe duk a kan kuɗin motar mai rogo da mai zuwa awo ake fanshewa. Babu B6 ɗin da za ta cike kwazazzabo. Kasafin kuɗin jiha ba asiri ba ne, ana wallafa shi. Mu riƙa dubawa mu ga wace hanya aka rubuta a Batsari da Safana, nawa aka ware, mu kuma tambayi kansila da ɗan majalisa ina aka kwana, cikin ladabi amma ba tare da gajiya ba.

Ku rubuto mana a ƙasa: wace mota ce a gidanku, wace ƙafa kuka sa mata, ta yi damina nawa? Bakanikai musamman, muna son jin ta bakinku, domin ku ne malaman wannan fanni. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.